Tambayoyi da amsoshi kan saita PBR a rauta: yadda ake tura bayanai ta layin da ake so

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu kula da hanyar sadarwa ta ofis, makaranta ko otal, musamman inda aka haɗa layukan intanet biyu a rauta ɗaya. Misali ɗaya za mu bi har ƙarshe. Ma'aikata suna rukunin 192.168.10.0/24, baƙi suna 192.168.20.0/24, saba da firinta suna 192.168.30.0/24. Layin fayiba ya shigo ta ƙofar Gi0/1, rautar kamfaninsa tana 203.0.113.1. Layi na biyu ya shigo ta Gi0/2, tasa rautar tana 198.51.100.1. Adireshin layukan nan na misali ne, sai ka musanya su da naka.

1. Mene ne PBR, kuma me ya raba shi da aikin da rauta ta saba yi?

A al'ada abu ɗaya rauta take dubawa a jikin fakiti, wato ɗan ƙunshin bayanan da ake aikawa: adireshin inda za shi. Sai ta buɗe teburin hanyoyinta, ta zaɓi hanyar da ta fi dacewa da adireshin, ta miƙa shi zango na gaba. Ba ruwanta da wanda ya aiko shi ko abin da ya ɗauko. PBR, wato zaɓen hanya bisa ƙa'ida, yana ba ka damar shiga gaban teburin, ka ce duk fakitin da ya fito daga wuri kaza, ko mai nau'i kaza, ga inda za a kai shi. Kamar jami'in hanya ne da ya tsaya gaban allon nuna hanya yana ba da hannu: direba shi zai bi, ba allon ba.

Abubuwa uku ne ke haddasa yawancin matsalolin da za ka gani a ƙasa. PBR a rauta ɗaya kawai yake aiki, ba ya sanar da maƙwabta kamar yadda tsare-tsaren musayar hanyoyi irin su OSPF ko BGP suke yi. Tafiya kawai yake sarrafawa, ban da dawowa. Sannan in ba ka koya masa ba, bai san ko layin da yake turawa yana raye ba.

2. Yaushe ake buƙatarsa, yaushe kuma ɗora wa kai wahala ne kawai?

Ana buƙatarsa idan hukuncin ya dogara da wani abu ban da inda fakitin za shi. Baƙi su bi layi mai araha, ma'aikata su bi fayiba. Kiran murya ya bi layin da ba shi da jinkiri. Rukuni ɗaya ya bi ta ramin VPN, saura su fita kai tsaye.

Idan kuwa abin da kake so shi ne a kai ga wani adireshi ta wani layi, hanyar da aka rubuta da hannu ta wadatar. Idan kuma so kake layi na biyu ya karɓi aiki in na farko ya faɗi, hanyoyin gama-gari biyu (wato na duk inda ba shi da takamaimiyar hanya) masu fifiko daban-daban sun isa. Shawararmu ita ce duk abin da tebur zai iya, a bar wa tebur, domin duk wanda ya buga `show ip route` zai gani. PBR kuwa ɓoye yake, wanda ya gaje ka a aikin zai iya yin yini guda yana neman dalilin da fakiti ya ƙi bin abin da tebur ya ce.

3. Da me da me za a iya tantance fakiti?

A Cisco IOS, wato manhajar rautocin Cisco, ana amfani da `match ip address` tare da ACL, wato jerin saɗarorin `permit` da `deny` masu tantance fakiti, don haka duk abin da faɗaɗɗen ACL zai iya gani ya shiga: adireshin mai aikawa, na mai karɓa, TCP ko UDP, lambar fot, da alamar DSCP. Akwai kuma `match length` mai duba girman fakiti. Kada a sa `prefix-list` a nan, na tace sanarwar hanyoyi ne, ba na tantance fakiti ba.

4. Yaya ake saita shi a rautar Cisco?

Mataki uku ne: a rubuta ACL da zai ware fakitin, a rubuta `route-map` (taswira) da zai faɗi abin da za a yi da su, a liƙa shi a ƙofar da suke shigowa. Ga yadda za a tura baƙi layi na biyu:

```
ip access-list extended CIKIN-GIDA
 permit ip any 10.0.0.0 0.255.255.255
 permit ip any 172.16.0.0 0.15.255.255
 permit ip any 192.168.0.0 0.0.255.255
ip access-list extended BAKI
 permit ip 192.168.20.0 0.0.0.255 any
route-map HANYAR-BAKI deny 10
 match ip address CIKIN-GIDA
route-map HANYAR-BAKI permit 20
 match ip address BAKI
 set ip next-hop 198.51.100.1
interface GigabitEthernet0/0.20
 ip policy route-map HANYAR-BAKI
```

Rauta tana bin sassan daga ƙaramar lamba zuwa babba, tana tsayawa a na farkon da ya dace. Shi ya sa ake ba da tazarar goma-goma, don a samu wurin cusa wani daga baya. Dalilin sashe na 10 yana amsa ta 7. Wannan kaɗai ba zai ba baƙi intanet ba sai an gyara NAT, wato fassara adireshin cikin gida zuwa na waje, duba amsa ta 9.

Ka kula da rubutun suna. Babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurin IOS, kuma idan `match` ya kira ACL da babu shi, ko sashe ya zo ba `match` gaba ɗaya, komai da komai ne zai dace da shi.

5. A wace ƙofa ake liƙa shi? Na sa a ƙofar intanet amma shiru.

A ƙofar shigowa ake sa shi, wato wadda ke fuskantar masu amfani. Kafin fakiti ya isa ƙofar fita an riga an yanke masa hanya, ba sauran abin da za a canja. Idan kana da VLAN, wato rukunai daban-daban da ke bin waya ɗaya, a kan ƙaramar ƙofar VLAN ɗin ake sa shi, ba a kan uwar ƙofar ba. Kowace ƙofa `route-map` ɗaya take ɗauka, in ka sa na biyu zai maye gurbin na farko, don haka duk ƙa'idojin ƙofa ɗaya a sassan taswira ɗaya ake tara su.

Fakitin da rauta ta ƙirƙira da kanta, kamar `ping` daga cikinta, SSH, ko saƙon NTP, ba su shigo ta kowace ƙofa ba, saboda haka wannan saiti bai shafe su ba. Nasu umarnin daban ne: `ip local policy route-map`. Na IPv6 ma daban ne, `ipv6 policy route-map` tare da `match ipv6 address` da `set ipv6 next-hop`. In ka manta da shi, wayoyin da suka samu IPv6 za su ci gaba da bin tebur kana zaton ka karkatar da su.

6. Fakitin da bai dace da ko ɗaya ba, zubar da shi ake yi?

A'a. A nan `deny` ba ya nufin hanawa kamar a katangar tsaro. Fakitin da bai dace da kowane sashe ba yana komawa tebur a bi da shi yadda aka saba. Wanda ya dace da sashen `route-map` mai `deny` shi ma tebur yake komawa, nan take, ba a duba sauran sassan. Wanda kuma ya faɗa kan saɗarar `deny` a cikin ACL, ma'anarsa wannan sashen bai shafe shi ba, sai a gwada shi da sashe na gaba. Wannan bambanci na biyun ƙarshe shi ne ke rikita mutane. In zubarwa kake so da gaske, sai ka faɗa a fili da `set interface Null0`.

7. Ina kunna PBR sai mutane suka daina ganin firinta da saba. Me ya faru?

Ka rubuta `permit ip 192.168.20.0 0.0.0.255 any`, kuma `any` ya haɗa har da 192.168.30.0/24. PBR yana gaban tebur, har hanyoyin da ke haɗe da rauta kai tsaye yana tsallake su. Don haka aikin da aka tura wa firinta da ke ɗaki na kusa an miƙa shi ga rautar kamfanin intanet, ita kuwa ba ta san da shi ba. Haka abin yake da rassan da ake kaiwa ta VPN, da sabar DNS ta cikin gida. In DNS ce ta yanke, abin da za a kawo maka ƙara shi ne intanet gaba ɗaya ta ɗauke, alhali `ping 8.8.8.8` yana tafiya lafiya.

Maganin shi ne sashen `deny 10` na amsa ta 4, wanda ke mayar da duk adireshin cikin gida na RFC 1918 ga tebur tun kafin a kai ga karkatarwa. Wata hanyar ita ce ta amsa ta 8. In kuwa da gangan kake so baƙi kada su ga saba, ACL na tsaro za ka sa, kada ka dogara da wannan kuskure ya yi maka gadi.

8. Mene ne bambancin `set ip next-hop` da `set ip default next-hop`? Shi kuma `set interface` fa?

Na farko yana riga tebur: in ƙofar da zango na gaba yake tana raye, can za a tura, kome tebur ya ce. Na biyu yana bari tebur ya fara magana. In akwai takamaimiyar hanya zuwa inda fakitin za shi, ita za a bi, sai in babu ne PBR zai shiga. Hanyar gama-gari, wato 0.0.0.0/0, ba a lissafa ta a matsayin takamaimiya. Sakamakon haka `set ip default next-hop 198.51.100.1` yana nufin abin cikin gida ya bi tebur, abin intanet ya bi layi na biyu, ba tare da rubuta ACL na warewa ba. Ga ofis mai rassa da yawa da OSPF ke kawo hanyoyinsu, wannan ya fi tsafta. Sai dai ba kowace na'ura ce ke goyon bayansa ba, musamman tsofaffin suwic.

Zango na gaba dole ya kasance a rukunin da ke haɗe da rauta kai tsaye. In yana nesa, `set ip next-hop recursive` ake amfani da shi. Shi kuma `set interface` na layin da ke da mutum ɗaya a ɗaya ƙarshen ne, kamar Dialer na PPPoE ko ramin GRE. A kan Ethernet rauta za ta riƙa neman ARP na kowane adireshin duniya, aikin ya dogara da ko maƙwabciya za ta amsa a madadinsu. A guje shi. Idan aka haɗa su a sashe ɗaya, `set ip next-hop` ake fara gwadawa kafin `set interface`.

9. Fakiti suna fita ta layi na biyu amma ba amsa. Ina NAT ya shigo?

Daga ciki zuwa waje, IOS yana fara yin PBR, sannan tebur, sannan NAT. Abu biyu ke biyo bayan wannan. ACL ɗinka na PBR adireshin cikin gida yake gani, don haka su za ka rubuta. Sannan NAT dole ya san ƙofar da aka zaɓa. In dokar NAT ɗaya ce mai kiran Gi0/1, fakitin baƙi zai fita ta layi na biyu ɗauke da adireshin fayiba. Kamfanin da ke tace adireshin da ba nasa ba, kamar yadda BCP 38 ta shekarar 2000 ta ba da shawara, zai zubar da shi. In ma bai zubar ba, amsar ta fayiba za ta dawo.

```
ip access-list extended NAT-DUKA
 permit ip 192.168.0.0 0.0.255.255 any
route-map NAT-FAYIBA permit 10
 match ip address NAT-DUKA
 match interface GigabitEthernet0/1
route-map NAT-LAYI2 permit 10
 match ip address NAT-DUKA
 match interface GigabitEthernet0/2
ip nat inside source route-map NAT-FAYIBA interface GigabitEthernet0/1 overload
ip nat inside source route-map NAT-LAYI2 interface GigabitEthernet0/2 overload
```

Sirrin yana `match interface`. Ka tabbata ƙofofin waje biyun suna da `ip nat outside`, ta baƙi kuma tana da `ip nat inside`. Waɗannan taswirori biyu na NAT ne kawai, ba a liƙa su da `ip policy`.

10. Layi na biyu ya mutu amma rauta tana ci gaba da tura baƙi can. Me ya sa?

Domin abin da take dubawa kawai shi ne ko ƙofar tana raye. Modem ɗin 4G da datarsa ta ƙare, ko rautar Starlink a lokacin ruwan sama mai ƙarfi, wayar Ethernet ɗinsu tana nan a kunne. A idon rautarka komai lafiya. Yi wa modem ɗin `ping` ma bai isa ba, zai amsa ko da babu komai a bayansa. Abin da za a gwada dole ya kasance can cikin intanet (192.0.2.10 a nan na misali ne):

```
ip sla 1
 icmp-echo 192.0.2.10 source-interface GigabitEthernet0/2
 frequency 5
ip sla schedule 1 life forever start-time now
track 1 ip sla 1 reachability
 delay down 15 up 60
ip route 192.0.2.10 255.255.255.255 198.51.100.1
route-map HANYAR-BAKI permit 20
 no set ip next-hop 198.51.100.1
 set ip next-hop verify-availability 198.51.100.1 10 track 1
```

Saɗarar `ip route` ba ado ba ce. `source-interface` adireshin mai aikawa kawai yake sa wa gwajin, ba ya tilasta masa ƙofar fita. In ba ka ɗaure adireshin gwaji da layi na biyu ba, gwajin zai bi tebur ya fita ta fayiba, sakamakonsa ba ya gaya maka komai game da layin da kake son sani. Kuma tunda ka ɗaure shi, kada ka zaɓi adireshin da mutanenka ke amfani da shi a matsayin DNS, domin ranar da layin ya mutu, shi ma ya mutu ga kowa. `delay down 15 up 60` yana hana rauta tsalle-tsalle a kan layi mai rawa: sai ya yi daƙiƙa 15 a mace kafin a bar shi, sai ya yi minti guda a raye kafin a koma masa. In ba ka sa `frequency` ba, gwajin duk daƙiƙa 60 yake gudana, jiran ya yi yawa.

Idan gwajin ya faɗi, baƙi za su koma tebur, wato fayiba. In ba ka so su cinye layin ma'aikata, ƙara `set interface Null0` a sashen. Ka lura `verify-availability` ba tare da `track` ba da CDP, yaren da na'urorin Cisco ke gane juna da shi, yake aiki, kuma modem ɗin kamfanin waya ba ya jin CDP.

11. An koma ɗaya layin, shafuka suna buɗewa, amma wayoyin VoIP da VPN sun maƙale.

Tsofaffin fassarorin NAT ne. A IOS fassarar UDP tana zama daƙiƙa 300, ta TCP kuwa awa 24, kuma duk fakitin da ya zo yana sabunta lokacin. Wayar SIP da ke aika saƙon “ina nan” a kai a kai ba za ta taɓa barin tata fassarar ta mutu ba, sai ta ci gaba da fita da adireshin mataccen layi. `clear ip nat translation *` yana warware shi. Don kada ka riƙa tashi da dare, a ɗaura shi da EEM, tsarin IOS mai gudanar da umarni da kansa idan wani abu ya faru: `event track 1 state any`, sai `enable`, sai umarnin sharewar. Ka sani zai katse duk haɗin da ke gudana, har na ma'aikatan da ba abin da ya samu layinsu. A Linux `conntrack` ne ke wannan aikin.

12. Yaya ake yinsa a MikroTik?

A RouterOS 7 sai an fara ƙirƙirar teburin, saɓanin na 6 inda rubuta `routing-mark` kawai ya isa. Kada a manta da `fib`.

```
/routing table add name=layi2 fib
/ip route add dst-address=0.0.0.0/0 gateway=198.51.100.1@main routing-table=layi2 check-gateway=ping
/routing rule add dst-address=192.168.0.0/16 action=lookup-only-in-table table=main
/routing rule add src-address=192.168.20.0/24 action=lookup table=layi2
```

Da `action=lookup`, in teburin layi2 ba shi da hanya mai rai, fakitin zai gangara babban tebur. Da `lookup-only-in-table` kuwa ba zai gangara ba, shi ne daidai da Null0 na amsa ta 10. `check-gateway=ping` yana gwada maƙwabciya duk daƙiƙa 10, ya ɗauke ta a matacciya bayan ta ƙi amsawa sau biyu, amma maƙwabciyar kawai yake gani. Don gwada bayan modem sai an yi hanya mai jingina da wani adireshin intanet ta amfani da `scope` da `target-scope`, ko a yi da Netwatch.

Idan tantancewar ta shafi lambar fot ko jerin adireshi, sai a koma `/ip firewall mangle`: a sa wa haɗi alama da `mark-connection`, sannan `mark-routing` a sarƙar `prerouting`, tare da `dst-address-type=!local` don kada ka karkatar da masu magana da rautar kanta. Alamar mangle tana gaban `/routing rule`. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, gauraya su na sa bincike ya yi wuya.

13. A MikroTik `ping` yana tafiya amma shafuka suna jan ƙafa ko su tsaya a rabi.

Duba dokar FastTrack da ke zuwa a saitin asali. Da zarar haɗi ya kafu, yawancin fakitinsa suna tsallake mangle, ba su samun alamar hanya, sai su fita ta babban tebur. Farkon haɗin ya bi layi na biyu, ragowar ya bi fayiba. A ƙara `connection-mark=no-mark` a dokar FastTrack domin ta ƙyale haɗin da ke da alama. Haɗin da aka riga aka saka a ciki sai an share shi ko an sake kunna rautar kafin ka ga canji.

14. A Linux fa?

Linux yana da tebura da yawa da kuma dokokin da ke zaɓar wanda za a duba. Uku ne na asali: fifiko 0 na teburin `local`, 32766 na `main`, 32767 na `default`. Ƙaramar lamba ake fara dubawa.

```
ip route add default via 198.51.100.1 dev eth2 table 100
ip rule add lookup main suppress_prefixlength 0 priority 900
ip rule add from 192.168.20.0/24 lookup 100 priority 1000
```

Dokar 900 tana cewa a duba babban tebur amma a yi watsi da hanyar gama-gari, ita ce ƙanwar `default next-hop` na amsa ta 8, kuma da ita `wg-quick` na WireGuard yake aiki. Kullum ka rubuta `priority` da kanka, in ba haka ba dokar da ka ƙara daga baya ita ke hawa sama. Tarko biyu ne a nan. Idan `rp_filter` yana kan 1, kernel na iya zubar da amsar da ta shigo ta eth2, musamman in da `fwmark` ka yi tantancewar. A mayar da shi 2. Sannan waɗannan umarni ba sa tsira daga sake kunnawa, hanyoyin tebur 100 ma suna gogewa idan aka saukar da ƙofar, don haka a rubuta su a Netplan, systemd-networkd ko NetworkManager. Gwaji mafi sauri shi ne `ip route get 8.8.8.8 from 192.168.20.5 iif eth0`.

15. Na buɗe fot zuwa saba ta layi na biyu, daga waje ba ya amsawa.

Buƙatar ta shigo ta layi na biyu, amsar sabar ta bi hanyar gama-gari ta fita ta fayiba. A MikroTik da Linux ana sa wa haɗin alama lokacin da ya shigo ta ƙofar layi na biyu, sai a tura amsoshinsa teburin wannan layin. A IOS hanya mai sauƙi ita ce a ba sabar adireshi biyu, kowane layi da nasa NAT tsayayye, sai PBR ya tura abin da ya fito daga adireshi na biyu zuwa layi na biyu.

Kafin ka sha wahala, duba adireshin da layin ya ba ka. In yana tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, kana bayan CGNAT ne, wato NAT ɗin kamfanin layin da mutane da yawa ke raba adireshi ɗaya, kamar yadda yake a tsarin Starlink na gida da layukan waya da yawa. Babu saitin da zai shigo da haɗi daga waje sai ta rami ko an ba ka adireshin fili. Wanda kuma yake da rukunin adireshinsa na kansa daga AFRINIC, hukumar raba adireshin intanet a Afirka, hanyar dawowa BGP ce ke da ita, ba PBR ba.

16. Zan iya haɗa ƙarfin layukan biyu da shi?

Rabawa kake iya yi, ba haɗawa ba. Saukar da fayil ɗaya ba zai wuce ƙarfin layi ɗaya ba. Jera adireshi biyu a `set ip next-hop` ma ba rabawa ba ne, na farkon da ke raye shi ke ɗaukar komai. A MikroTik ana rabawa da `per-connection-classifier`, kuma a zaɓi `both-addresses` ko `src-address`. Da `both-addresses-and-ports`, mutum ɗaya zai bayyana ga shafi ɗaya da adireshi biyu, shafukan banki da na biyan kuɗi kuwa sukan kore shi su ce ya sake shiga.

17. Ina so YouTube ya bi wani layi, sauran su bi wani.

Rauta adireshi take gani, ba suna ba. Manyan shafuka suna bayan dubban adireshi masu canjawa, kuma Google yana amfani da rukunai ɗaya ga ayyukansa daban-daban. Sunan shafin yana bayyana ne a gaisuwar TLS, bayan haɗin TCP ya riga ya kafu ta wani layi da wani adireshin NAT. Canja masa hanya a lokacin kashe shi ne. Jerin adireshi na MikroTik yana karɓar suna ya riƙa fassara shi, kuma yana aiki sosai ga saba mai adireshi ɗaya ko biyu, kamar ta hedikwatar kamfani. Ga YouTube sakamakon rabi-da-rabi ne. Raba mutane ko na'urori ya fi raba shafuka sauƙi da ɗorewa.

18. Ta yaya zan tabbatar yana aiki?

Fara da `show ip policy` ka ga wace taswira ce a wace ƙofa. Sai `show route-map`, ka duba ko ƙidayar fakitin da suka dace tana hawa. In ba ta hawa, matsalar tana ACL ko ƙofa, koma amsa ta 5. In tana hawa amma ba intanet, duba `show ip nat translations` da `show track`. Gwajin gaske daga kwamfutar da ke rukunin baƙi ake yinsa da `traceroute`, na cikin rauta zai ruɗe ka. In ka ga adireshi biyu suna maimaita juna, ka tura fakiti wa rautar da teburinta ke dawo maka da shi.

`debug ip policy` yana nuna hukuncin kowane fakiti, amma a rauta mai aiki ka ɗaura masa ACL mai kwamfuta ɗaya tak, ka kuma shirya `undebug all`. In ƙananan shafuka suna buɗewa manya suna maƙalewa bayan ka tura mutane ta rami, MTU ne, wato iyakar girman fakiti: PPPoE yana barin 1492, GRE 1476. `ip tcp adjust-mss 1452` ya dace da PPPoE, 1436 da GRE.

19. Yana rage wa na'ura gudu?

A rautocin IOS, tun daga sigar 12.0 CEF, tsarin Cisco na tura fakiti cikin sauri, ke ɗaukar PBR, nauyin ba shi da yawa. Abin da ke jawo matsala shi ne `log` a cikin ACL. A suwic labarin daban ne, domin ƙa'idojin suna zama a ƙwaƙwalwar TCAM mai iyaka. Suwic ɗin Catalyst 3560 da 3750 suna buƙatar `sdm prefer routing` da sake kunnawa kafin su karɓi PBR, kuma Cisco ta yi gargaɗin cewa fakitin da ya faɗa kan saɗarar `deny` a ACL ɗinsu ana tura shi CPU. Ka duba takardar na'urarka da lasisinta kafin ka kwafi saitin rauta ka zuba a suwic.

20. Daga nesa nake aiki. Yaya zan kauce wa kulle kaina a waje?

A Cisco buga `reload in 10` kafin ka taɓa komai, kada ka adana saitin. In ka yanke, bayan minti goma rauta za ta tashi da tsohon saiti. In komai ya yi daidai, `reload cancel` sannan ka adana. A MikroTik danna Safe Mode, yana janye canje-canjen idan haɗinka ya katse. A Juniper, inda ake wannan aiki da tacewar katanga da `routing-instance` mai nau'in `forwarding`, `commit confirmed` ne, shi ma minti goma yake bayarwa in ba ka sa wata lamba ba. Ka fi yin hattara da `ip local policy`, domin shi ne ke taɓa amsoshin SSH ɗinka kai tsaye. Rubuta ACL da taswira su cika tukuna, gwada da adireshin kwamfuta ɗaya, sannan ka faɗaɗa zuwa rukunin duka.